Yadda ake shiga laka da babban mashin a damina

Wannan bayanin na masu manyan mashinan nan ne na doguwar tafiya, irin su Honda Africa Twin, BMW GS, KTM Adventure da Yamaha Ténéré 700 wanda aka sa wa sunan hamadar Tenere ta Nijar, waɗanda ke son sauka daga kwalta su bi hanyar ƙauye alhali ruwa na zuba. Ɗan'uwa, maganar cewa ai tun kana yaro kake hawa mashin ka ajiye ta gefe tukuna. Boxer ɗin ɗan acaɓa kilo ɗari da 'yan kai ne, in ya zame ƙafa ɗaya zai kafa ya tare shi ya wuce abinsa. Ténéré 700 da tanki cike ya ɗan haura kilo 200, Africa Twin wajen 230, R 1250 GS kuwa dab da 250, tun ba ka ɗora ko jaka ɗaya ba. Wannan ba nauyin da ƙafa ke tarewa ba ne, in ka gwada ƙafar ce za ta ji a jikinta. Don haka duk dabarar laka da babban mashin ita ce kar ka bari nauyin nan ya fara karkata tun farko, komai a hankali, ba fizga ba murɗa ta farat ɗaya.

Kayan da za ka tanada

Taya ce kan gaba. Yawancin mashinan nan da tayar kwalta ake sayar da su, mai ƙananan zane, ko mita goma ba za ka yi a laka ba zanen ya cike ta koma sumul. Abin da kake so taya ce mai manyan haƙora da tazara tsakaninsu yadda za ta dinga watsar da lakar tana juyawa, irin Continental TKC80, Michelin Anakee Wild ko Metzeler Karoo. Ba a kowane shago ake samunsu ba, sau da yawa sai an sa oda, kuma in ka samu ka duba lambobi huɗun nan na gefen taya, biyun farko makon da aka ƙera ta ne biyun ƙarshe shekarar, wato 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022, kar a sayar maka da wadda ta tsufa a sito ta bushe. In kuɗinka bai kai na guda biyu ba to ta gaba za ka canza, domin tayar baya in ta zame ana iya gyara ta ana cikin tafiya, ta gaba kuwa in ta tafi kafin ka ce me kana ƙasa.

Sai kayan jikinka: hular kwano, tabarau mai rufe ido gaba ɗaya, safar hannu saiti biyu don ɗaya zai jiƙe ya cika da laka, kariyar gwiwa, da but mai tsawo mai tauri wanda ya rufe ƙwauri. But ɗin roba na ruwa ba ya kare komai, in mashin ya danne idon sawu kamar ba ka sa takalmi ba. Wanda bai da but na mashin ya sa irin na ma'aikata mai ƙarfe a baki, ya haɗa da abin ƙwaurin 'yan ƙwallo, bai kai na ainihi ba amma ya fi babu nesa. Riga mai faɗi da wando mai burmi a bar su a jaka.

A jikin mashin kuwa kana buƙatar ƙarfen kariya na gefe, farantin ƙarƙashin inji, da kariyar hannu don kar liba ta karye a faɗuwar farko. Akwatunan ƙarfen nan na gefe suna da kyau a hoto, amma a laka su ne ke kamo ƙafar mutum in ya sa ta ƙasa mashin na tafiya, kuma suna maƙalewa a sawu mai zurfi. Jaka mai laushi ta fi. In babu, ka zuba kayanka a leda mai kauri biyu ka sa a buhu ka ɗaure a kujerar baya da robar tif, ba abin kunya ba ne.

Kayan aiki: geji na auna iskar taya, famfo ko na hannu ne, kayan faci daidai da irin tayarka (in mai tif ce ka riƙe tif na ajiya da ƙarafan cire taya), sifanonin da ke kwance tayar gaba da madigadi, sifanar fulogi, igiya mai ƙwari kamar mita shida, guntun katako mai faɗi na sa wa ƙarƙashin jak, tsohon sukundireba babba na ƙwaƙule laka, tocila, ruwan sha mai yawa da gishirin ORS. Da kuma abokin tafiya. Wannan na ƙarshen ban yarda a tafi babu shi ba.

1. Tambaya kafin ka sauka daga kwalta

A garin ƙarshe ka tsaya a tashar 'yan acaɓa ka gaishe su ka tambaya: yaushe aka yi ruwa na ƙarshe, mota ta bi hanyar yau, ina ne wurin da ya fi lalacewa, akwai rafi, ya lafiyar hanya ta fannin tsaro. Matambayi ba ya ɓata. Sai dai in sun ce maka "ai hanya lafiya lau, yanzu na fito" ka tuna da Boxer ya fito, ka sake tambaya ko a-kori-kura na iya wucewa, amsar wannan ita ce ta fi kusa da halin da za ka shiga. Ka tashi da safe, ka lissafa lokaci ninki uku na abin da za ka ci a rani, kuma ka faɗa wa wani inda ka nufa. Laka tana shan mai fiye da kwalta sosai, amma kar ka ce don haka za ka cika tankin GS Adventure mai lita 30 taf a hanyar da ba ta kai kilomita ɗari ba, nauyin sama da kilo 20 ne ka ɗora a saman mashin inda ya fi cutarwa.

2. Shirya mashin a bakin hanya

Rage iska. A kwalta tayoyin mashinan nan daga wajen 30 zuwa 42 suke a geji a ma'aunin PSI, ni a laka ina saukowa kamar 24 ko 25 a gaba, 26 zuwa 28 a baya. Kar ka kwaikwayi masu ƙananan mashinan tsere da ke sauka 15, da wannan nauyin dutse ɗaya a ɓoye cikin laka zai lanƙwasa maka rim ko ya tsinke tif. In ba ka da famfon mayar da iska daga baya, to ka rage kaɗan kawai.

Cire robar da ke kan matakin ƙafa in mai cirewa ce, haƙoran ƙarfen da ke ƙasa su ne za su riƙe but mai laka. Sassauta libar birki da ta kuloci ka ɗan karkatar da su ƙasa yadda yatsunka za su same su kana tsaye. Madubai ka naɗe su ciki ko ka cire.

Sai kwamfutar mashin. Akwai na'urar da ke yanke wuta in ta ji tayar baya na juyawa a banza, a kwalta alheri ce, a laka kuma ita za ta tsayar da kai cak a tsakiyar hawa, saboda a laka dole taya ta ɗan juya a banza kafin ta kama. Ka rage ta zuwa mataki mafi ƙasa ko ka kashe. A BMW ka sa saitin tuƙi a Enduro, a Africa Twin Gravel ko Off-Road, a KTM Offroad. ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, na baya a kashe, na gaba kuwa in mashin ɗin na zamani ne mai saitin daji ka bar shi, ya fi hannun sabon shiga iya aiki. Ténéré 700 na farko-farko ba shi da wannan na'urar ta yanke wuta sam, maɓallin ABS kawai za ka danna. Ka lura wasu mashinan da ka kashe makulli ka kunna komai ya koma yadda yake, sai ka sake saitawa, mutane da yawa na mantawa da wannan bayan sun tsaya shan ruwa.

3. Gane irin lakar da ke gabanka

Ba duka laka ce ɗaya ba kuma ba a tuƙa su iri ɗaya. Akwai jar ƙasa mai tauri wadda ruwa ya jiƙa samanta kawai, irin wadda za ka samu a tsaunin Mambilla in ka bar kwaltar Gembu ka nufi Mayo Ndaga da iyakar Kamaru ta wajen Banyo, can da tsayin wurin ya haura mita 1,500 kuma daminarsu ta fi ta Kano tsawo nesa ba kusa ba. Wannan ba ta da zurfi, ba za ka nutse ba, amma santsinta kamar an zuba miyar kuɓewa a kan siminti, tana ƙyalli in rana ta haska. Akwai baƙar ƙasa mai danƙo irin ta yankin Dikwa da Gamboru Ngala da wajen Numan da wasu fadamu, wadda ke tsattsagewa a rani, ita ba santsi ne kaɗai matsalarta ba, mannewa take tana taruwa har taya ta daina juyawa. Sai taɓo mai ruwa-ruwa, wanda ya fi ban tsoro a ido amma sau da yawa ya fi sauƙi, tunda ba ya mannewa kuma ƙarƙashinsa akwai ƙasa mai ƙarfi. Laka mai haɗe da yashi ko tsakuwa kuwa ita ce mai daɗin, tana kama taya.

In ba ka gane ba sauka ka taka da ƙafa. Ka yi taku goma, in ka ga but ɗinka na ƙara nauyi ƙasansa na tara laka har kana jin kana ƙara tsawo, to mai danƙon ce, abin da ta yi wa takalminka shi za ta yi wa taya. Irin wannan in tana da nisa kuma ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, gara ka zauna ka sha shayi awa biyu uku rana ta ɗan busar da ita, ko ka juya.

4. Tsayuwa da ido

Miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, gwiwar hannu a buɗe, ƙugu a tsakiyar mashin ko ɗan baya kaɗan. Riƙon kan mashin sako-sako, don gaba zai dinga rawa hagu da dama kuma dole ka ƙyale shi ya yi, in ka ƙanƙame duk rawar za ta shiga jikinka ta dawo cikin mashin ta ninka. Da ƙafa ake jan ragamarsa a nan, ka danna matakin dama ya bi dama, ka danna na hagu ya bi hagu.

Ido kuma can gaba, inda kake son fita, mita goma sha biyar ko ashirin. Duk abin da ka ƙura wa ido shi za ka je ka samu, ka kalli ramin za ka faɗa ramin. Sabon shiga kullum madigadinsa yake kallo, shi ya sa komai ke zo masa ba shiri.

Amma fa ba dole ba ne tsayuwar nan a ko'ina. In santsi ya kai inda ko tafiya da ƙafa da ƙyar ake yi, zauna abinka, giya ɗaya, ƙafafu biyu a ƙasa kana dogarawa, a saurin mai tafiya a ƙasa. Ƙafar dai ta kasance gaba da matakin ƙafa kuma a buɗe, kar ta koma baya ta shiga ƙarƙashin jaka. Duk wanda ya yi maka dariya bai taɓa ɗaga kilo 250 daga cikin taɓo ba.

5. Totur, giya da kuloci

Giya biyu da ƙaramar wuta ta fi giya ɗaya da inji na ihu, domin a giya ɗaya ɗan motsi kaɗan na hannu sai tayar baya ta wulwula. Ka zaɓi saurinka tun kafin ka shiga, kamar saurin mai sassarfa, ka riƙe totur a wuri ɗaya har ka fita. Kar ka canza giya a tsakiya. Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne su ji gaba ya ɗan zame sai su saki totur gaba ɗaya don tsoro, nan take nauyi ya koma kan tayar gaba ta nutse ta karkace, shi ke nan. In ka ji zamewa riƙe wutar yadda take, ko ka ƙara ɗan ƙiris, gaba zai yi sauƙi ya miƙe. In baya ce ta fara fita gefe, ɗan kama kuloci da yatsa biyu ya rage ƙarfin ba tare da ka rufe totur ba, ka ci gaba da kallon inda za ka.

Yatsu biyu a kan kuloci koyaushe, amma kar ka mayar da rabin kuloci abin yi na minti goma. In ka ji ƙauri ko liba ta fara sakewa tsaya ya huce. Masu tsohon R 1200 GS na kafin 2013 su ƙara kula, kulocinsu busasshe ne ba ya cikin baƙin mai, yana saurin ƙonewa kuma canza shi sai an raba mashin kusan gida biyu. Mai Africa Twin na DCT, wato mai canza giya da kansa, wanda ba shi da libar kuloci ya sa shi a saitin canza giya da hannu don kar ya canza masa a tsakiyar santsi, ya dinga ɗan taka birkin baya yana daidaita wuta da shi.

6. Birki da kwana

Duk rage gudu a yi shi mashin na tsaye sak, kafin kwana, kafin taɓo. Sassauta totur a hankali inji ya rage, sannan birkin baya, na gaba da yatsa ɗaya kawai kuma matsawa ake ba cafka ba. A kwana kar ka kwantar da mashin yadda ka saba a kwalta, ka bar shi kusan a miƙe, nauyinka a kan matakin ƙafa na waje, ka zagaya da faɗi. In hanyar ta karkata gefe guda, ƙafar da ke ɓangaren gangare ita za ka danna.

7. Sawun motoci

Nan ne ake shan wahala, don hanyar ƙauye a watan Agusta duk manyan motoci sun haƙa ta layi-layi. Ka tsaya daga nesa ka zaɓi sawu ɗaya, ka bi shi da ido har ƙarshensa ka ga ina ya fita, ka shiga a miƙe tayoyi biyu a layi ɗaya, kuma da ka shiga to ka shiga ke nan. Kar ka yi ƙoƙarin hawowa daga ciki a karkace, gefen tayar gaba zai goga bango ya ƙi hawa, ko ta gaba ta fita ta baya ta ci gaba da bin sawun, mashin ya gicciye ya yar da kai. In dole ne ka tsallaka sawu ka yanke shi a gicciye sosai, da ɗan ƙarin wuta daidai lokacin da tayar gaba za ta hau.

Tudun da ke tsakanin sawu biyu yana jan hankali don ya fi bushewa, amma in ka zame daga kansa ƙafarka ba za ta tarar da ƙasa ba sai rami. Cikin sawun, ko da ruwa a kwance, galibi ƙasansa ya fi ƙarfi saboda tayoyin mota sun danne shi. Abin dubawa kawai zurfi: in bangon sawun ya kai tsayin matakin ƙafa, ko kan silindar GS da ke fitowa gefe da gefe, zai rataye ka tayar baya na lilo. Ciyawar gefen hanya tana kama taya in ƙasanta ba fadama ba ce. Gonar mutane dai kar ka shiga, shukar damina ce abincin shekararsu, in babu wata hanya sai ta gefen gona nemi mai ita ka yi magana da shi.

8. Kududdufi da rafi

Kowane ruwa da ba ka ganin ƙasansa, sauka ka shiga da ƙafa da sanda. Kana neman zurfi, da taurin ƙasa, da duwatsu ko kututture, da inda za ka fita. Ka san inda mashin ɗinka ke shaƙar iska tun a gida, ruwa kar ya kusanci wurin, a GS ma ya fi ƙasa fiye da yadda mutane ke zato. Shiga a giya ɗaya da wuta daidai, ba gudu ba don ruwa zai taso ya rufe ka, ba kuma sanyi-sanyi har ya mutu ba. Babban yatsa kusa da maɓallin kashewa, in ka ga faɗuwa ta zo kashe inji kafin ya kai ruwa.

In ya faɗi ciki yana kunne ko ya mutu a ruwa, don Allah kar ka danna sitata. Ruwa ba ya matsuwa a silinda, dannawa ɗaya na iya lanƙwasa kwanrod, ƙarfen da ke riƙe da fistin. A tura shi waje, a buɗe gidan iyakilina a zubar da ruwa, a cire fulogi sannan a juya inji ruwan ya feso, a duba baƙin mai in ya koma fari-fari to sai an canza. A GS fulogi na gefe ana kai hannu, a Ténéré da Africa Twin kuwa sai an cire robobi an ɗaga tanki, in ba za ka iya wannan a daji ba nemi a-kori-kura a ɗora shi zuwa gari, ya fi arha a kan sabon inji.

Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ba a shiga, ko waye kai. Rafin damina yakan sauka bayan 'yan awoyi da ɗaukewar ruwa. Inda samari ke ɗaukar mashina su tsallakar ko akwai kwale-kwale, a yi ciniki tun kafin a taɓa mashin, ka sauke kaya duka, kuma ka nuna musu inda za su kama, ban da madigadi, ban da gilas, ban da salansa mai zafi.

9. Hawa da gangare

Gudun da za ka hau tudu da shi a ƙasa ake samo shi, a tsakiyar hawa ƙarin wuta haƙa rami kawai yake. Ƙirji gaba, wuta a wuri ɗaya. In ya ƙi hawa kar ka kama kuloci ka dogara da birkin gaba, tayar gaba za ta ja da baya a kulle kai da mashin ku sauko tare. Bar shi ya mutu a cikin giya, tayar baya ce za ta riƙe shi. Daga nan ka murɗa kai gefe, ka dinga ɗan kama kuloci yana komawa baya kaɗan-kaɗan har ya gicciye, jikinka da mashin a jingine ɓangaren tudu, sai ka dinga murɗa kai hagu da dama har gaba ya zamo ya kalli ƙasa, ka sauka ka sake gwadawa.

Gangare kuwa giya ɗaya, kuloci a sake, ƙugu baya, birki biyun a hankali. In tayar baya ta kulle ta fara zuwa gefe ɗaga ƙafa kaɗan ta juya. In gangaren ya fi ƙarfinka kashe inji a giya ɗaya, ƙafafu a ƙasa, kuloci ya zama birkinka na baya.

10. Madigadi da lagireto

A baƙar ƙasa wannan ne ke kayar da mutum ba tare da ya san dalili ba. Wani abokin tafiyarmu mai GS yana gabana a irin wannan lakar, muna tafiya kamar masu takawa, sai na ga tayarsa ta gaba ta daina juyawa ƙwata-ƙwata tana huɗar ƙasa, shi kuma yana ta ƙara wuta yana zaton baya ce ta kafe, ƙaurin kuloci har inda nake. Da muka duba laka ta cushe tsakanin taya da madigadi ta daskare da ciyawa a ciki, sukundireba da ƙyar yake shiga, sai da yaran ƙauyen suka zo da itatuwa aka yi ta ƙwaƙula. Alamar ita ce kan mashin ya yi nauyi, yana neman wuta fiye da da. Da ka ji haka tsaya. In lakar da sauran nisa kwance madigadin gaba ka ɗaure a baya, amma ka duba tiyon birki in a jikinsa yake maƙale ka ɗaure shi da kyau kar taya ta kamo shi. Ka sani in babu madigadi lakar za ta dinga watsuwa kan lagireto, don haka ido a kan alamar zafi, kuma da ruwa ake wanke lagireto, ba a tsokana shi da ƙarfe.

11. In ya kafe

Da ka ji tayar baya na nutsewa saki wuta, kowane daƙiƙa na wulwulawa ƙarin zurfi ne. Sauke kaya. In bai nutse sosai ba sauka ka tsaya a hagunsa, giya ɗaya, kana sakin kuloci kana turawa da ƙugu, mai taimako ya tura ta gefe ba daidai bayan taya ba saboda duwatsun da take harbowa. In ya zauna har kan farantin inji, kwantar da shi gefe guda da gangan, tayar za ta fito daga ramin, a cike ramin da duwatsu da rassa ko a ja bayan mashin gefe zuwa wuri mai ƙarfi, sannan a ɗaga. Igiya a ƙarfen kariya ko ƙasan cokulan gaba ake ɗaura ta, mutane su ja a hankali. Waɗanda suka taimaka a sallame su da abin kirki.

12. In ya faɗi

Zai faɗi, kowa na faɗuwa a laka. In ka ga ya wuce inda za ka iya riƙewa sake shi ka janye ƙafarka. Kashe inji, duba jikinka, ka huta minti biyu kafin ka taɓa shi. Sa shi a giya, in libar giya na ƙasa ɗaure birkin gaba da roba. In ta dama ya faɗi buɗe jak tun yana kwance don kar ka ɗaga ya wuce ɗaya gefen. A busasshiyar ƙasa ana juya masa baya ne, ƙugu a jikin kujera, hannu ɗaya a kan mashin ɗaya a ƙarfen baya, a tura da ƙafafu. A laka ƙafa na zamewa, sai ka fara haƙa wa dugaduganka wurin tokare ko ka sa duwatsu, ko ka fuskance shi ka durƙusa ka tura da ƙirji. In tayoyin na sama kan mashin na kallon gangare, ja shi a kwance ka juya shi tukuna. Ku biyu ku ɗaga, ba jarumta a ciwon baya. In faɗuwa ta fara yawa a jere gajiya ce, sha ruwa da ORS ka zauna.

13. Komawa kwalta da wanki

Kafin ka hau kwalta mayar da iska, mayar da ABS da sauran saiti, ƙwaƙule lakar taya da ta wajen birki, ka matsa birki sau da yawa ka ji ya kama. Kilomitocin farko a hankali don tayar na ɗauke da laka.

Wanki ranar za a yi kafin ta bushe. A wurin wankin mota ka tsaya a kansu, kar su saita bakin injin feshi kan boris ɗin taya, sil ɗin cokulan gaba, sarƙa, ko wayoyin lantarki, ƙarfin ruwan na tura laka ciki ya kori giris. Sarƙa da kananzir da buroshi mai laushi ake wanke ta, ban da fetur don yana cin robobin da ke cikinta, ta bushe a sa mata mai a duba saƙinta. Duba takalman birki, laka na cinye su da sauri musamman na baya, duba iyakilina, ka bi sifok ɗaya-ɗaya da sifana kana ƙwanƙwasawa, wanda ya yi ƙara daban ya saki. In ka ga mai na tsatsa a cokalin gaba yawanci ƙasa ce ta shiga ƙarƙashin sil, yanki siririyar roba daga gorar ruwa ka zura ka zagaya da ita ka fito da dattin, sau da yawa yana tsayawa ba sai an canza sil ba. In kuwa mashin ya sha ruwa a hanya, canza baƙin mai da filta, ka yi 'yar tafiya, ka sake dubawa, in har yanzu da fari-fari a sake canzawa.